Naman Tanko a Motar Turawa

Da ƙarya na sami aikin, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Ranar da kamfanin Turawan Italiya masu aikin titi suka ce suna neman direban da ya san ƙasar nan, mu bakwai muka tsaya a layi, kuma ni na fi kowa ƙarancin sani da tsawon baki. Akawu ya tambaye ni ko na san Ƙanƙara, na ce can aka yanke mani cibiya. Sabuwa fa? Na ce can na yi aure. Faskari? Na ce babu mai garin da bai san ni da suna ba. Gaskiyar magana, Sabuwa sau ɗaya na taɓa ratsa ta, shi ma ina barci bisa buhunan masara. Karatuna aji biyu ne, na biyun ma rabinsa bisa mangwaron bayan makaranta na yi shi. Aka miƙo mani makullin Landiroba, na karɓa ina murmushi.

Ku da kuke zama bakin tasha kuna cewa aikinmu na da shan iska ne, wai a ɗauki Bature a kai shi kallon dambe, a ci kaza, a dawo, bari in gaya maku. Lodin shanu ya fi lodin baƙi sauƙi. Saniya in ta ga wuta ja da baya take. Baƙo bai san komai ba, kuma bai san bai sani ba. Abin da ɗan ƙauye zai hango ya canza hanya, shi da fara'a zai nufe shi, kyamara rataye a wuya. Kai ne idonsa, kai ne kunnensa, in an tashi duka kuma kai ne bayansa, don a wancan zamani ba mai taɓa Bature ya kwana lafiya, sai a huce a kanka.

Lokacin kuɗin mai ya ɓarke, ko'ina ana fasa dutse ana zuba kwalta. Kamfanin ya gina wa manyan injiniyoyinsa gidan hutu bisa wani tudu kusa da Mairuwa, yana kallon ruwa. Jan rufi, doguwar baranda, da wata rumfar inabi da aka yi shekara huɗu ana ba ruwa ba ta taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. Wai irin gidajen ƙauyensu ke nan can ƙasarsu, inda mai hali ke zuwa ya huta, ya riƙa fita kullum yana zaga garuruwan kusa yana kallon bukukuwa. To abin da suke so su yi a nan ke nan. Ran Lahadi in fita da injiniyoyi. In matansu da danginsu sun zo hutu, wata guda ko biyu, kullum nawa ne. A fita da hantsi, a dawo kafin magariba, wannan doka ce. Babbansu muna ce mashi Mai Lofe, don ba ya rabo da lofen taba. Gajere ne, da hannu yake rabin maganarsa, Hausarsa kuma ba ta wuce "sannu" da "yauwa" da "ba kyau" ba. Sauran da Turancin tasha muke ƙarasawa, nawa gurgu, nasa makaho. Matarsa Madam Lusiya ko sannun ba ta iya ba.

Tuƙi wurin Malam Garba Ɗan Bakori na koya, Allah ya jiƙansa. Shekara shida ina karen motarsa, muna jigilar auduga da gyaɗa. Shekara ukku na farko ban taɓa komai ba a motar nan sai weji da bokiti. In mun zo hawa, in dire da gudu in bi ta a baya rungume da weji, in ta fara zamowa in cusa ƙarƙashin taya, in yi addu'a yatsuna su fito tare da ni. Ranar da ya fara ba ni sitiyari a wani fili ne fetal, babu komai sai ɗorawa guda ɗaya, ita na je na samu. Ya sauka ya duba bishiyar, ya yi mata sannu, sannan ya dawo ya kama kunnena. Shi ya koya mani jin ciwon inji da kunne tun bai kwanta ba, da shiga gulbi da ƙafa in auna shi kafin in sa taya. Abin da bai koya mani ba shi ne ɗaukar kayan da ke buɗe ƙofa su fita da kansu, don auduga ba ta taɓa yi mashi haka ba.

Tun jajibirin fita nake shirya mota. Safaya biyu, jak, famfon iska, faci da gam, fanbel, shebur, doguwar igiya, jarkar fetur biyu, ta ruwa biyu, da katako biyu na shimfiɗa wa taya in an kafe a yashi. Sabulun wanki guda, ba don wanka ba, in dutse ya huda tanki a murje shi a toshe. Sai kwandon Turawa: taliyarsu, wani cuku mai warin da ke sa in tuƙa da kaina waje, soyayyar kaza, farin zanen tebur, da kwalaben jan ruwansu da nake naɗewa cikin buhu in tura can ƙarƙashin kujera, kada wani dattijo ya leƙo ya gani. Amma kayan aikin da ya fi jak muhimmanci goro ne. Ba na shiga gari da baƙi sai na tsaya ƙofar mai gari, na tuɓe takalmi, na durƙusa, na aje goro, na ce ga baƙi sun zo kallo. Inda ya ce a zauna, nan za a zauna. In ya ce ban da hoton mata, sai in yi ta giftawa gaban kyamara kamar ban lura ba. Hotunan da ke Italiya yau masu ƙeyata a tsakiya ba su ƙirguwa.

Shekara a wurina da wasanni nake lissafa ta. In an gama girbi, kalankuwa da dambe, musamman wajen Ƙetare. In sanyi ya shigo, sharon Fulani wajen Sabuwa. Da rani farauta. Da bazara bikin su, wato kamun kifi, in ruwan tafki ya ja. Da damina sai kasuwar shanu da hawan duwatsu, in hanya ta yarda.

Wani sharo da na kai su a wata ruga bayan Sabuwa, akwai wani dogon baƙo, wan Madam, wai likitan haƙori ne. Tun a mota na yi mashi bayani da baki da hannu: za a doki mutum, mutumin zai yi dariya, kai naka ido. Ya ce ya gane. Bulala ta farko ta sauka a haƙarƙarin saurayi, fata ta tashi, sai na ga doguwar ƙafa ta wuce ni. Zai shiga fili ya raba. In ya riƙe mai bulalar nan, ya zubar wa wanda ake duka da mutunci gaban 'yan matan rugarsu duka, kuma sanduna a wurin sun fi mutane yawa. Na cafko bel ɗinsa ta baya, muka zube tare cikin kashin shanu. Fulani suka kwashe da dariya, dariyar nan ce ta fisshe mu. Da muka koma gida ya kai ƙarata wurin Mai Lofe, wai na ɓata mashi wando.

Wani kuma mai ƙaton ciki, mun isa wurin bikin kamun kifi da wuri, ina can ina gaisuwa, ya tuɓe ya faɗa tafkin yana iyo. Ruwan da ba mai sa ƙafa ciki sai Sarkin Ruwa ya buɗe shi. Goron da na tanada na wata guda ranar ya ƙare, na sha zagin da har kakata ta sami rabo.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Ba a yi kalankuwa ko'ina ba, wa zai kira makaɗi gaban rumbun da ba komai. Fulani suka kaɗa abin da ya rage masu suka yi kudu. Tafkuna suka ƙafe tun lokacin bikin su bai yi ba, aka tsince kifin da hannu. A titi kuwa aiki na ci, rediyo na cewa ƙasa ta yi arziki, baƙi na ta zuwa suna tambaya ina biki. In kai su dutse su hau su sauko. In kai su kasuwa su ga shanu ƙashi da fata, su dawo mota. Mai Lofe ya fara cewa in babu inda za a je, mene ne amfanin direban yawo, gara a mai da ni tifa in riƙa ɗaukar tsakuwa. Ni kuma bakina ya saba da kaza. Shi ya sa da na ji za a yi babbar farauta a dajin yamma da Faskari, na ruga na gaya mashi kamar ni na shirya ta.

Da yawanku ba ku taɓa ganin irin wannan farauta ba. Ba mutum ɗaya da bindiga ba ne. Ƙauyuka ke haɗuwa, kowane da makaɗinsa da karnukansa, a ja dogon layi a kewaye daji, a yi ta matsowa da gora da kere da barandami. Dokarta biyu ce, kowa ya san su tun yana goye. Wanda ya fara fitar wa nama jini nasa ne, ko da gaban wani ya je ya faɗi. Ta biyu, ba a ce wa mafarauci ya buɗe burgamensa, wato jakar fatar da yake zuba abin da ya kama. Wanda ya ce haka ya kira shi ɓarawo gaban garinsu, kuma ba da baki ake ba da amsa ba. A shekarar ƙoshi ma ana fasa kai kan zomo, bare wannan da kowa ya baro gida ana jiran abin da zai shigo da shi.

Ranar Mai Lofe da Madam kaɗai na ɗauka. Na kai goro wurin Sarkin Dawa, Baba Na-Allah, wani tsoho siriri cikin rigar layu. Ya dubi goron, ya dubi Turawan, ya dube ni.

"Kai ɗan wa ne?"

Na faɗi sunan ubana. Ya ce bai san shi ba.

"To ɗan wanda ban sani ba, ka ga tsamiyar can bisa tudu? Can za ka aje motarka. Kada ka sauko kwari. Nama ta nan zai ɓullo, mutane na bayansa, kuma yau ba mai kallon gabansa."

Na ce, "To Baba, ko taku ɗaya."

Mun fi awa guda gindin tsamiyar nan. Muna jin kiɗa da haushin karnuka, muna hangen hayaƙi, ba ma ganin komai. Mai Lofe ya leƙa kyamara ya sauke, ya leƙa ya sauke, ya ce, "Ba kyau." Sannan ya tuna mani ai ni na ce kowa ya san ni a ƙasar nan. Na ce ƙwarai kuwa, Sarkin Dawan ma kawuna ne. Na tada mota na gangara har bakin kwarin, na tsaya jikin wani dutse. Mai Lofe ya ce "yauwa," ya haye dutsen da kyamararsa, ya bar ni da Madam tana fitar da kayan abinci a bayan mota.

Ban ji zuwanta ba. Sai na ga wani abu ja-ja ya faɗo daga cikin sabara, ƙafar baya ɗaya na lilo, ya shige ƙarƙashin mota. Gada ce, 'yar matashiya, cinyarta a fashe. Kafin in buɗe baki Madam ta durƙusa ta jawo ta, ta naɗe ta cikin farin zanen tebur, ta haye bayan mota da ita ta sauke tamfol. Na leƙa na ce, "Madam, ba kyau. Nama na mutane." Ta ɗora yatsa bisa leɓe. Hawaye na zubo mata, hannu ɗaya ta damƙe bakin dabbar.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. In karɓe ta ko da ƙarfi, in ɗaga ta sama, in yi kiran mai nama ya zo ya ɗauki abinsa. Aikin minti ɗaya ne. Amma matar maigida ce, na kuma tuna tifa.

Karnuka suka fara isowa, huɗu, suka kewaye mota suna shinshinar tamfol. Na zaro kazar nan sukutum daga kwando na wurga ta can nesa, suka bi ta suna faɗa. Na shafe jinin da ke ƙasa da takalmi, na tsaya bisa abin da ya rage. Wallahi a lokacin yaba wa kaina nake, ina cewa Audu, kai fa akwai kai.

Sai ga mutane sun ɓullo daga arewa, 'yan Unguwar Maje, wajen goma. Na gabansu ƙato ne, ana ce mashi Tanko, keren hannunsa da jini da gashi a jiki.

"Direba, ina namana?"

"Wane nama?"

"Kada ka mai da ni yaro. Gada. Ni na karya mata ƙafa, ga jininta na biyo har nan."

Wani ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ce babu. Tanko ya matso har ina jin warin zufa da hayaƙi a jikinsa. Idonsa ja, leɓensa a tsage, da gani bai karya ba.

"Ina ta bi?"

Na ɗaga hannu na nuna kudu.

Can kudun, kamar jifa biyu daga inda muke, 'yan Kwarin Gawo ne suka fito daga nasu gefen suna hutawa. Ɗaya daga cikinsu, Mati, burgamensa a cike, jini na ɗiga ta gindi. Daga baya aka gano zomo biyu ne da gafiya. Tanko ya bar ni ya nufe shi, mutanensa na biye.

"Kai mai burgame, mi ke cikin jakarka?"

"Abin da Allah ya ba ni."

"Allah ya ba ka, ko kerena ya koro maka?"

Mati ya miƙe tsaye. "Tanko, mun sha ruwa rijiya ɗaya da kai. Ka san abin da kake shirin faɗi?"

"Buɗe ta."

Makaɗin da ke kusa ya dafe gangarsa. Daga nan ban san wanda ya fara ba. Ƙarar gora bisa kan mutum ba ta kama da komai, in ka ji ta sau ɗaya ba ka mantawa. Na faɗa mota zan tada, makulli ya ƙi samun raminsa. Na leƙo na yi wa Mai Lofe ihu ya sauko. Yana can bisa dutse yana ɗaukar hoto, ya ɗago mani hannu yana murmushi. Shi a zatonsa cikin wasan ne.

Mati ya faɗi, kai a fashe. Ƙanensa ya kawo barandami, Tanko ya tare da hannun dama. Na ga hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa, Tanko ya durƙusa yana kallonsa. Sai kowa ya tsaya, irin tsayawar da ake yi in jini ya wuce yadda aka yi niyya. Ko karnuka sun yi shiru. Cikin shirun nan hannun Madam ya zame, gadar ta yi kuka a bayan motata. Siririn kuka kamar na ɗan akuya. Ta ƙara na biyu.

Duka suka juyo, ƙauyen biyu, yanzu sun zama ɗaya. Ba da gudu suka taho ba, da tafiya. Da a guje suka taho da ya fi mani sauƙi. Wani ya sa wuƙa ya tsaga tamfol daga sama har ƙasa, ga Madam zaune, farin zanen ya koma ja bisa cinyarta. Aka fizgo ni daga kujera aka durƙusar. Wani ya ɗora mani kan gora a ƙeya, bai buga ba, ya aje kawai, ina jin nauyin ƙarfen da ke jikinta.

"A ƙone motar."

"A fara da direba. Su baƙi ne, shi ɗan ƙasa ne."

"Shi ya nuna. Da idona na ga hannunsa."

Abin da ya faru da wandona ba zan faɗa ba, jikokina na iya ji. Mai Lofe ya diro daga dutse, lofe ya faɗi bai sani ba, ya zaro walat yana kaɗawa yana surutu da yarensu. Wani ya kaɗe ta da sanda ta faɗi cikin ciyawa, babu wanda ya ko dube ta. A nan na ga fuskarsa ta canza, sai yanzu ya gane inda na kawo shi.

Baba Na-Allah ya iso a hankali, ana buɗa mashi hanya. Ya duba Tanko, ya duba Mati, ya zo ya cire hularsa ya aje bisa bonet.

"Wanda ya taɓa motar nan, hulata ya taɓa."

Ya tsaya kaina. Ƙafafunsa kawai nake gani.

"Nan ne tsamiya?"

"A'a Baba."

"Kai ka nuna?"

"Ni ne Baba."

"Ɗage mashi gorar. Tashi, ba don kai ba. Kai kaɗai ka iya tuƙa wannan abu, ga mutane biyu na zubar da jini."

Ya zaga bayan mota ya miƙa wa Madam hannu biyu. Ta ƙara rungume gadar tana girgiza kai. Ya matsa gefe kawai don ta ga Tanko da aka tallabo, hannun na reto. Ta dube shi, ta dubi abin da ke cinyarta, ta miƙa. Tsohon ya sa aka yanka ta nan take kafin ta zama mushe, ya ce, "Naman Tanko ne, a kai gidansa." Madam ta yage gefen zanen da bai ɓaci ba, ta ɗaure hannun Tanko sama da gwiwa, ta sa cokali ta murɗa ɗaurin har jinin ya tsaya. A asibiti an ce wannan ɗaurin ne ya kai shi da rai. Ina faɗa maku don kada ku ce ita ce muguwar labarin.

Aka shimfiɗa su biyu a baya, Tanko da Mati, kafaɗa da kafaɗa. Yayan Tanko ya zauna daidai bayan kujerata da gorarsa tsakanin ƙafafu. Ya sunkuyo kunnena ya ce, "In ya cika a hanya, kai ma nan za ka sauka." Ya faɗe ta kamar mai gaya mani farashin hatsi.

Babu hanya a wurin, burtalin shanu ne da kututture. In na yi sauri ana nishi a baya, in na rage ana dungurin kujerata. A wani gulbin yashi muka kafe. Ban tsaya auna shi ba, Malam Garba ya gafarce ni. Na fiddo katako da shebur, Mai Lofe ya durƙusa yana tono da hannu, mutanen ƙauye biyun da suka biyo mu a guje, waɗanda ɗazu suke fasa wa juna kai, suka sa kafaɗa tare suka tura. Muka fita. Yayan nan kuma kowane ɗan lokaci sai ya kira, "Tanko." Ya ce, "Na'am." Ni ban taɓa sauraren inji yadda na saurari na'am ɗin nan ba. Tana raguwa, tana raguwa. Da muka hau sabuwar kwalta ya kira, shiru. Ya ƙara kira, shiru. Na ji gorar ta motsa bayana. Na taka mota har allurar ta kwanta, ina karanta duk abin da na iya, kuma abin da na iya ba shi da yawa. Sai can na ji Madam na marin kumatun Tanko tana mashi faɗa da yarensu, ya ce, "Wai mi na yi wa matar nan?" Yayan ya sauke numfashi a wuyana.

Da la'asar muka shiga Funtuwa. Mati aka ɗinke shi, kunne ɗaya ya daina ji. Tanko ya rayu, amma hannun daga gwiwa aka cire shi.

Madam ta koma ƙasarsu cikin watan, ba ta ƙara zuwa ba. Mai Lofe bai kore ni ba, bai kuma taɓa tada maganar ba. Na dai ga ya zare fim ɗin ranar ya jefa wuta. Na ƙara shekara huɗu a aikin, har titi ya ƙare aka kulle gidan. Amma tun daga ranar, inda mai gari ya ce in tsaya, ina tsayawa sai in buɗe bonet in zare waya guda in sa aljihu. In baƙo ya ce a matsa kusa, in murɗa makulli ta ƙi tashi, in yi ta tsaki ina zagin motar tare da shi. In kun shiga aikin ɗaukar baƙi, wannan wayar ku fara koyon inda take.

Shekaru da yawa bayan haka, na zama direban haya, na kai lodi kasuwar Sheme. Na hango Tanko zaune bisa benci wajen 'yan awaki, ya zama dillali, hannun riga ɗaya a naɗe an soke da allura. Na laɓe bayan wata motar shanu zan sulale, sai na ji, "Direba." Ya matsa mani wuri, ya miƙo hagu muka gaisa. Ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Ya sa aka dama fura, ya riƙe ƙwaryar da gwiwoyi yana sha, ya turo mani. Daga nan duk ranar kasuwar da na je sai mun zauna, har ya rasu bara waccan. Sau ɗaya kaɗai ya yi maganar, ranar farkon nan.

Ya ce, "Ita matar nan ban riƙe ta ba, tausayi ne ya yi mata yawa. Ɓoyewar da ka yi ma na gane, abincinka kake tsaro. Abu ɗaya ne na kasa ganewa, Audu. Gabas daji ne ba kowa, yamma daji ne ba kowa. Da can ka nuna, da mun bi mun gaji mun dawo muna zaginka. Mi ya sa sai wajen mutane?"